Daga Gadon Asibiti Zuwa Rabon Gado

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar ƙofar jami'a a Samaru da la'asar ya san motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Shika, ya kuma san irin mutanen da ke cikinsu: mata riƙe da kwanon tuwo da filas ɗin kunu, samari da tabarma da buta, dattawa sun yi jugum suna jan carbi. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a mazauninsa na Shika cikin 2005, wannan hanya ta zama hanyar jinya ga mutanen Zazzau da maƙwabtansu. Waɗansu su komo da majinyacinsu yana takawa da ƙafarsa, waɗansu kuwa su komo da gawa. Maganarmu a yau a kan waɗannan na biyun take, da abin da kan same su bayan an watse daga zaman makoki, an zo rabon gado.

Mu ɗauki misali wanda kusan kowane ɗayanmu ya taɓa jin irinsa. Wani dattijo ne tsohon ma'aikacin reluwe, yana da gida a Sabon Gari mai shaguna a gaba, da mata biyu da 'ya'ya, cikinsu har da 'yar'uwarmu ɗaliba. Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, ya yi mako uku a gadon asibiti, Allah ya yi masa cikawa. Ran da aka zauna lissafin abin da ya bari, sai babban ɗansa ya zaro takarda mai ɗauke da dangwalen yatsa, wai marigayin ya ba shi gidan kyauta saura kwana huɗu ya rasu, ga kuma sunayen shaidu biyu a ƙasa. Amarya da 'ya'yanta suka ce faufau, a wannan mako dattijon ko mutane ba ya shaidawa. Magana ta kai gaban alƙali. Kuɗin lauya babu, saboda jinya ta cinye ɗan abin da ke hannu, sai ɗalibar nan ta tsaya da kanta. Alƙali ya ce, "Kin ce ba ya cikin hankalinsa. Wa ya gani?" Ta nuna mahaifiyarta da ƙannenta, waɗanda suka kwana suka tashi a gefen gadon. Alƙali ya ce, "Waɗannan ai magada ne, suna da rabo a cikin gidan. Akwai wani?" Nan fa ido ya raina fata.

Kada mu yi gaggawar zargin alƙali, domin abin da ya faɗa shi ne ƙa'ida. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na ƙasar nan suke bi, ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ba a karɓar ta uba ga ɗansa ko ta ɗa ga ubansa, ko ta miji da mata ga junansu, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Ke nan mutanen da suka fi kowa sanin halin da majinyaci ya ƙare a ciki su ne waɗanda bakinsu ba shi da nauyi a wannan rana. Wanda bai san haka ba tun da wuri, zai shiga kotu da gaskiyarsa ya fito da ita ba ta amfane shi ba.

Tsayawa gaban alƙali ba tare da lauya ba kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Zamanin En'e doka ta hana lauya shiga kotun alƙali, haka kuma aka ci gaba bayan an kafa kotunan yanki cikin 1968, sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka kawar da wannan hani. A nan Jihar Kaduna, cikin 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, aka maye gurbin kotunan yanki da kotunan Shari'a da na gargajiya. Yau ƙofa a buɗe take ga lauya, amma aljihun talaka da na ƙaramin ma'aikaci bai buɗe ba, saboda haka har yanzu mai takaba da maraya su ne lauyoyin kansu. Tun da haka abin yake, wajibi ne mu san abin da alƙali yake nema.

Da farko sai mu san kotun da za mu dosa. Gadon Musulmi da wasiyyarsa da kyautarsa da waƙafinsa suna ƙarƙashin Shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba hukuncin da aka yanke a kansu. Amma Sabon Gari da Samaru matattara ce ta kowace ƙabila da kowane addini tun zuwan jirgin ƙasa da kafuwar jami'a a 1962. Wanda ya bar rubutacciyar wasiyya irin ta dokar Turawa, maganarsa tana Babbar Kotu, inda Dokar Shaida ta 2011 take aiki. Masu karatun lauya a Kongo sun san shari'ar Adesubokan da Yunusa, wadda a cikinta Mai Shari'a Mohammed Bello ya ce wasiyyar Musulmi ba za ta ƙetare haddin Malikiyya ba, sa'an nan Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin cikin 1971, ta ce dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ba shi ikon raba dukiyarsa yadda ya so. Daga baya Jihar Kaduna ta yi tata dokar wasiyya wadda ta keɓe wanda ya rasu yana ƙarƙashin Shari'ar Musulunci. Wanda ya kai ƙararsa inda ba hurumi, zai ɓata watanni a ƙarshe a ce ya koma ya sake lale.

Abu na biyu shi ne sanin wanda nauyin hujja yake wuyansa. Aikin alƙali na fari shi ne ya bambance mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, domin hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuwa tana kan mai musu. Wanda ya riga zuwa kotu ba lalle ne shi ne mai da'awa ba. A misalinmu, asali dai gidan na marigayi ne, ya zama gado. Wanda ya ce an fitar da shi daga gado ta hanyar kyauta, shi zai tabbatar. A sha'anin dukiya ana tabbatarwa da shaidu biyu maza adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Har wa yau, furucin kyauta kaɗai bai isa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure a birnin Zazzau, ta bayyana cewa kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa; in mai kyautar ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Da ɗalibar nan ta san wannan, da tambayarta ta farko ita ce: yaushe yayanmu ya karɓi gidan, wa ke karɓar kuɗin hayar shaguna har ran da Baba ya kwanta?

To, a nan ne maganar likita take shigowa, kuma tambayoyi biyu ne mabambanta waɗanda jama'a suka cika cakuɗawa. Ta farko: lokacin da aka dangwala yatsan nan, mutumin yana cikin hankalinsa? In ba ya ciki, takardar ba ta da wani amfani ko kaɗan. Ta biyu: ko da yana cikin hankalinsa sarai, ciwon da yake kwance da shi ciwon ajali ne? In shi ne, to kyautar ta ɗauki hukuncin wasiyya, ba ta wuce sulusin dukiya, ba ta kuma zartuwa ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Babban ɗa kuwa magaji ne. Ashe ke nan ko da ɗalibar ta kasa tabbatar da gushewar hankali, akwai wata ƙofa da ta fi sauƙin shiga, ita ce tabbatar da cewa a cikin wannan ciwon aka yi kyautar, a cikinsa kuma aka rasu. Hukuncin ciwon ajali bai tsaya ga kyauta ba. A Malikiyya auren da aka ɗaura a cikinsa ɓatacce ne, matar da aka saka a cikinsa kuwa tana cin gado ko da ta gama idda.

Akwai masu ganin cewa kawo takardar asibiti gaban alƙali baƙon abu ne da boko ya zo da shi. Muna ce musu su koma ga Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da alƙalanmu suka dogara da shi tun kafin zuwan Turawa. Da ya zo bayanin marar lafiyar da ake taƙaita masa hannu a kan dukiyarsa, sai ya rataya abin ga ilmin likita, watau ciwon da masana magani suka hukunta cewa ana yawan mutuwa da shi. Ya kawo misalai, cikinsu har da tarin fuka da zazzaɓi mai tsanani, ya fitar da irin su ƙazuwa. Mu dubi hikimar da ke ciki. Tarin fuka da yake kisa a zamaninsa, yau ana warkar da shi da maganin wata shida, ga ma cibiyar horar da ma'aikatansa nan Saye kusa da mu. A ɗaya gefen kuma ga cututtukan da mutum zai yi shekara ashirin yana fama da su yana zuwa kasuwarsa, kamar hawan jini da ciwon sukari, sa'an nan rana ɗaya su rikiɗe su taɓa ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Yaushe ciwon yau da kullum ya koma ciwon ajali? Alƙali ba zai samu ranar a cikin littafi ba, maƙwabci ma ba zai sani ba. Wanda ya duba majinyacin ya rubuta shi ne zai faɗa. Saboda haka kiran likita bin Halil ne sau da ƙafa.

Dokar Turawa ma da ta zagaya nan ta sauka. A Ingila, shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870 ta kafa ma'aunin da kotunan Nijeriya suke bi har yau: mai wasiyya ya san abin da yake yi, ya san yawan dukiyarsa, ya tuna waɗanda suke da haƙƙi a kansa, kuma kada wata ruɗewa ta karkatar da hukuncinsa. Cikin 1975 Mai Shari'a Templeman ya ba da shawarar da ta shahara, cewa in tsoho ko marar lafiya zai yi wasiyya, a samu likita ya duba shi ya rubuta abin da ya gani. Dokar 1837 kuwa ta soke rabon duk wanda ya sa hannu a matsayin shaida alhali an ba shi wani abu a cikin wasiyyar. 

Me ke cikin fayil ɗin asibiti da zai amfani mai tsaya wa kansa? Abu ne mai yawa, in ya san abin da zai nema. Likitoci suna da ma'aunin farkawar majinyaci wanda aka ƙirƙiro a Gilasgo cikin 1974, daga maki 3 zuwa 15, ana duba buɗe ido da magana da motsi. Ma'aikatan jinya suna rubuta halin majinyaci safe da yamma da dare. Akwai takardar magunguna, wadda za ta nuna ko an yi masa allurar kashe zafi mai sa maye, da ƙarfe nawa aka yi ta. Akwai sakamakon gwajin jini, domin lalacewar ƙoda ko hanta, ko faɗuwar sukari, kan jawo ruɗewa mai zuwa tana tafiya, mutum ya gane ka da hantsi ya manta ka da azahar. Shi ya sa rana da sa'a suke da muhimmanci. Sai dai mu yi adalci: fayil ba ya goyon bayan kowa. Mai shanyewar ɓarin jiki yana iya rasa magana alhali yana fahimtar kome, yana kuma iya zuba magana alhali ba ya fahimta. Wata rana takardar da ka nema za ta nuna cewa mahaifinka garau yake lokacin da ya yi abin da ba ka so. In haka ta faru, sai a karɓi gaskiya, domin cin haƙƙin ɗan'uwa da sunan maraici shi ma zalunci ne.

Samun fayil ɗin yana da hanyarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan majinyaci, ta kuma hana bayyana su sai da izni a rubuce, ko umurnin kotu, ko inda doka ta tilasta. Saboda haka wanda ya je ofishin ajiyar fayil yana ɗaga murya wai shi ɗan marigayi ne, zai dawo hannu rabbana, kuma ma'aikacin da ya hana shi bai yi laifi ba. Abin yi shi ne a roƙi kotu tun zaman farko ta rubuta wa asibiti, ta nemi rahoto, ta kuma aika sammaci ga likitan da ya yi jinyar. A riƙe lambar katin asibiti, da ranar kwanciya, da sunan ɗakin jinya, da rasiɗin magani, da takardar shaidar mutuwa, wadda dokar 1992 ta ɗora rajistarta a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In likita ya zo, kada a tambaye shi ko kyauta ta inganta, wannan na alƙali ne. A tambaye shi abin da ya gani ran kaza, da abin da aka rubuta, da ko mai irin wannan hali yana iya gane abin da aka karanta masa, da ko ciwon irin wanda aka saba mutuwa da shi ne.

Bayan likita sai sauran shaidu waɗanda ba su da rabo: limamin unguwa da ya zo dubiya, abokan aikin marigayi, mai jinyar gadon da ke kusa, ɗan haya da ya san wanda yake ba kuɗi. Shaidun ɗaya ɓangaren kuma a tambaye su cikin ladabi: ƙarfe nawa kuka shiga, wa ya rubuta takardar, da wane harshe aka karanta masa, wa ya riƙe hannunsa, wace ma'aikaciyar jinya ce ke bakin aiki? Ko da rubutun hannun marigayi ne, Halil ya nuna cewa wasiyyar da aka tsinta ba a zartar da ita in bai kafa shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar ba. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, watau ya tambaye ka ko kana da sauran hujja ko suka a kan shaidun abokin shari'arka. Mutane da yawa kan ce babu saboda kwarjinin kotu, alhali wannan ita ce damarsu ta ƙarshe. Mai sauran magana ya faɗe ta a nan, ya nemi a rubuta, domin kotun sama da abin da ke rubuce take aiki. In hukunci bai gamsar ba, a nemi kwafinsa ran nan, a tambayi magatakarda wa'adin ɗaukaka ƙara, gama gajere ne.

Mun san za a ce takarda ma ana ƙirƙira ta, mai kuɗi yana iya sayen rahoto kamar yadda yake sayen shaidar zur. Gaskiya ne, shi ya sa muka nace a kan rahoton ya bi ta hannun kotu, likitan kuma ya zo da kansa a yi masa tambayoyi. Za a kuma ce likitocinmu kaɗan ne, layin marasa lafiya ya ishe su ba sai an ƙara musu zaman kotu ba. Wannan ma gaskiya ne, amma maganinsa shi ne kotu ta tsayar musu da sa'a ta kuma cika ta, ta sallame su da wuri. Sa'a guda ta likita ba ta kai gidan marayu tsada ba.

Mu ɗalibai muna da namu laifin. Jami'a ɗaya ce ta haɗa masu karatun likita a Shika, da masu karatun lauya da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a Kongo, da masu nazarin Hausa a Samaru, amma kowa ya kama gabansa, sai ran bikin yaye ɗalibai a haɗu a ɗauki hoto. Muna kira ga ƙungiyarmu ta haɗa waɗannan sassa uku su fitar da ɗan littafi cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, wanda zai bayyana wa mai takaba abin da za ta riƙe da abin da za ta roƙi kotu, a raba shi a masallatai da coci-coci da wuraren zaman masu jinya. Muna kira ga ɗaliban lauya masu aikin taimakon jama'a su riƙa keɓe rana domin maganar gado, su kuma nuna wa mutane ƙofar Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa tun 1976 amma da yawa ba su san da ita ba. Muna kira ga asibitoci, manya da ƙanana, su sa ƙa'ida cewa duk takardar dukiya da za a sa wa majinyaci hannu a kai, a sanar da likitan da ke bakin aiki ya rubuta halin da yake ciki. 'Yan'uwanmu da suka kama aiki a rajistar kotuna da ofisoshin fayil kuwa, su tuna cewa takardar da suka bari ta ɓace a ƙarƙashin tebur wataƙila ita ce rufin asirin wani gida.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuya, domin ya shafi kunya. A al'adarmu ɗa ba ya iya duban mahaifinsa ya ce, "Baba, a rubuta." Sai a ce yana yi masa fatan mutuwa. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, Suratul Ma'ida kuma ta yi maganar shaidu a kan wasiyya. Wanda zai yi kyauta ya yi ta yana da lafiya, gaban adalai waɗanda ba su da rabo, ya miƙa abin a hannu kowa ya gani. Wanda ake binsa ko yake bi ya rubuta. Mu da aka kashe wa kuɗi muka yi karatu, mu ya kamata mu nemi hanyar faɗar wannan cikin ladabi, ko ta bakin kawu ko ta bakin liman, tun ran gini tun ran zane. Hutun da ke tafe, kafin mu zauna hira, mu tambaya ina takardun gida suke, wa ya san da su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma tsare mu daga cin dukiyar maraya.